Kafintan da ke Lungun Jin

Sai da Baba ya shekara uku da rasuwa sannan na iya buɗe baki na gaya wa Inna abin da ya same ni a Landan. Ta saurara har na kai aya ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Ai na sani tun a lokacin. Muryarka ce ta canja a waya." To, tunda wadda na fi jin nauyi ta riga ta ji, sauran jama'a ma sai su ji.

Na sauka a Landan cikin watan Satumba na 2010, zan yi digiri na biyu a fannin lissafin kuɗi. Baba ɗan kasuwar hatsi ne a Funtuwa. Gonarsa ta gado ya sayar ya biya kuɗin makaranta, ya ce ci da sha da haya kuma in nema da kaina. Bizar ɗalibi ta yarda mini aikin awa 20 a mako, aikin da na samu kuwa shi ne kwashe kofuna da wanke-wanke a wata mashaya kusa da Covent Garden, a kan fam 5.93 kowace awa, mafi ƙarancin ladan da doka ta amince da shi a lokacin. A gida na ce musu gidan abinci ne. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don da rana suna soya kifi da dankali. Na kuma yi wa kaina fatawa cewa ni ba sha nake yi ba, ba sayarwa nake yi ba, kofi kawai nake ɗauka, alhali tun ina Islamiyya na haddace hadisin da ya lissafa mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta.

A lungun da ake bi zuwa banɗaki akwai wani tsohon hoto baƙi da fari a cikin gilashi. Sau ɗari nake wuce shi a dare ɗaya da tiren kofuna a hannu. Maza goma sha ɗaya ne zagaye da tebur, da wani ƙaton kwanon barasa a tsakiya. Agogon da ke bayansu ya nuna ƙarfe huɗu, wato an kusa kiran assalatu. Ɗaya ya kife daga kan kujera ya zube ƙasa, hular gashin da manyan Turawa ke sawa a wancan zamani ta yi nata wuri, wani kuma yana tangaɗi a kansa yana tuttula masa abin da ke cikin kwalba a kan sanƙo. Wani ya jingina ya wangale baki yana sharar barci. Wani ya ɗauko kyandir zai kunna lofensa, amma hannun rigarsa ya cinna wa wuta bai ma sani ba. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne limamin coci da ke zaune daram kusa da kwanon, ludayi a hannu, lofe a baki, shi kaɗai ne giyar ba ta kayar ba, da gani ka san ya daɗe a harkar.

Na so hoton nan ƙwarai, kuma yanzu na san dalili. Duk daren Juma'a da Asabar ina ganin mutanen cikinsa da idona: lauyoyi da ma'aikatan banki da suka shigo ƙarfe shida da kwat a goge, kafin sha ɗaya sun yi mankas, wannan na kuka a kafaɗar wancan, wani na amai a bakin ƙofa. Sai in dubi hoton, in dube su, in ce a raina, shekara kusan ɗari uku ba abin da ya canja a garin nan, ga waɗanda suka zo suka mulke mu. Ina jin kaina a wajen gilashin, tsaye kusa da mai zanen, muna dariya tare.

Wanda ya buɗe mini tarihin hoton wani tsoho ne da ke zuwa kullum ƙarfe uku na rana ya zauna a kujera ɗaya. Ma'aikacin maɗaba'a ne a titin Fleet a da, har zuwa 1986 da manyan jaridu suka fara kwashe injinansu zuwa Wapping, aka sallami dubban irinsa. Ya gan ni ina goge gilashin hoton, ya ce, "Ɗana, ka san abin da kake gogewa?" Na ce a'a. Ya ce aikin William Hogarth ne, haifaffen Landan a 1697, ya rasu a 1764, kuma sunan hoton A Midnight Modern Conversation, wato hirar tsakar dare irin ta zamani, an buga shi a 1733.

Da yake sana'arsa ce, ya fi jin daɗin bayanin yadda ake yi. Ba a takarda ake zanen ba. Farantin jan ƙarfe ake samu mai santsi, a riƙa karta shi da ɗan ƙarfe mai tsini, layi bayan layi, inda ake son duhu a yi layukan kusa da juna su gicciya. Sai a shafe farantin da tawada, a goge samansa tas, tawadar ta maƙale a cikin kartar kawai, a ɗora takarda mai danshi a matse a inji. Komai a juye ake yin sa, abin da ke dama a faranti hagu zai fito. Faranti ɗaya ya ba da kwafi ɗaruruwa, shi ya sa hoton da a da sai attajiri ke rataye irinsa ya shiga shagon aski da ɗakin haya. Hogarth ya koyi wannan aiki ne tun yana yaro a wurin maƙerin azurfa, yana zana tambari a jikin kwanukan masu kuɗi, bayan mahaifinsa ya yi shekaru a kurkukun Fleet saboda bashi.

Sai tsohon ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, ka san inda hoton nan ya fi yawa a zamaninsa? A jikin kwanukan barasa da kofunan giya. Masu tukwane da masu tangaran suka dinga kwafarsa suna sayar wa mashaya, har ya tsallaka ƙasashen Turai. Mutumin ya zana ne don ya yi wa mashaya shaguɓe, su kuma suka mayar da shi ado a kan abin da suke sha da shi. Satar fasahar da aka yi masa a irin waɗannan ayyuka ce ta sa ya haɗa kai da 'yan'uwansa masu zane suka kai kuka majalisa, aka yi dokar 1735 da ta ba mai zane haƙƙin aikinsa na shekara 14. Tsohon ya faɗi wannan duka ba tuntuɓe, ya ɗaga kofinsa na huɗu ya kurɓa. Hannunsa na rawa. Ban ɗauki darasin da ke gabana ba: ga mutumin da ya san kowane layi na hoton, kuma sanin bai hana shi komai ba.

Ni nawa ya fara ne a Disamban 2010, lokacin da aka yi sanyin da dusar ƙanƙara ta tsayar da jirage a Heathrow. Ɗakina a Peckham ba ɗumi, kuɗin wuta sun fi ƙarfina, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ga kewar gida. Al'adar wurin ce in an rufe ƙofa an gama shara, manaja ya ba kowane ma'aikaci kofi ɗaya kyauta. Wata uku ina karɓar lemo. Wani dare aka miƙo mini giyar tuffa, aka ce ai wannan kusan ruwan 'ya'yan itace ne. Ba wanda ya tilasta mini, ban kuma ɗora wa kowa ba. Na sha, na ji ɗumi ya sauka har yatsun ƙafa, na hau bas ɗin dare ina murmushi ni kaɗai.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san shi. Kofi ɗaya ya koma uku. Giyar tuffa ta koma jin, wato barasa mai ƙarfi da Turawa ke kira gin, don ita ce ba ta cika wari ba a ganina. Na fara sayen kwalba a kanti ina ɓoyewa a bayan littattafai. Asuba ta fara wuce ni, sannan Azahar, sannan na daina lissafi. Idan Baba ya kira ranar Lahadi sai in bar wayar ta yi ta ƙara, in tura saƙo cewa ina laburare. Abin mamaki, duk wannan lokaci ban daina yi wa mutanen hoton dariya ba. Ni ai ban taɓa faɗuwa daga kan kujera ba, ban taɓa amai a titi ba, ina zuwa aji, rigata a goge. Laifi tudu ne.

A watan Mayu na 2011 haya ta taru mini wata biyu, ga kundin bincike da zan miƙa a Satumba. Akwai wani shagon jingina a hanyata mai ƙwallaye uku masu ruwan zinariya rataye a saman ƙofa, alamar masu wannan sana'a a Ingila tun fil azal. Na ɗauki kwamfutata, wadda Yaya ya saya mini da kuɗin aikinsa kafin in taso, na kai. Suka ba ni fam 120 da 'yar takarda, suka ce ina da wata shida in fansa da kuɗin ruwa a kai. Na ce wa kaina na mako biyu ne kawai. Mai gida ya samu fam 70. Sauran kuwa kun san inda suka tafi.

Bayan kwana kaɗan tsohon nan ya zo da wata ambulan. Ya ce yana rage tarkacen ɗakinsa ne, ya ga ni kaɗai ke kula hoton bango, to ga wasu biyu na mutumin. Kwafi ne na zamani, ba masu tsada ba: Beer Street da Gin Lane, Titin Giya da Lungun Jin, waɗanda Hogarth ya fitar tare a farkon 1751, kowanne a kan sule ɗaya don talaka ya iya saya. Ya shimfiɗa su a tebur ya shiga ba ni labari.

Jin, in ji shi, daga Holan ta zo. Bayan Sarki William na Uku, mutumin can, ya hau gadon sarautar Ingila a 1689, aka toshe barasar Faransa saboda yaƙi, aka kuma sakar wa kowa mara ya dafa tasa daga hatsin gida, abin da ya yi wa masu manyan gonaki daɗi don sun samu kasuwar hatsinsu. Nan na tuna Baba da buhunansa. Kafin a ankara jin ta fi komai araha a unguwannin talakawan Landan, ana sayar da ita a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a shagon aski, a kan baro. A 1734 aka rataye wata mata mai suna Judith Defour, wadda ta ɗauko 'yarta mai shekara biyu daga gidan marasa galihu sanye da sabbin tufafi, ta shaƙe ta, ta sayar da tufafin sule ɗaya da kwabo huɗu aka sha jin. Majalisa ta yi dokar 1736 ta sa lasisin sayarwa fam 50, abin ya koma bayan fage kawai. Sai a 1751, shekarar da alƙalin nan Henry Fielding, abokin Hogarth, ya yi rubutu yana danganta yawan fashi da shan jin, aka yi dokar da ta hana masu dafawa sayar wa wanda ba shi da lasisi. Hotunan biyu na cikin farfagandar neman wannan doka.

Abin da ya fi ci wa tsohon rai shi ne bambancin da aka nuna. A Titin Giya kowa ɓul-ɓul, maƙeri da mahauci na ɗaga kofi, ana gyaran gidaje, gidan mai jingina ne kaɗai ke rushewa don ba ciniki. Wato Hogarth ba gaba yake da maye ba, cewa yake a sha ta gida a bar ta baƙi. Kuma, in ji tsohon, dubi na bangon can: in masu hular gashi suka bugu abin dariya ne, in talaka ya bugu sai a zana jahannama. Na yarda da shi a kan wannan har gobe. Hogarth ya ga abin da jin ta yi wa unguwar St Giles, amma bai zana wanda ya sayar da hatsin ba.

Ban duba Lungun Jin da kyau ba sai a bas ɗin dare, a bene, wajen ƙarfe uku, ni ma na ɗan sha. Ido na fara sauka ne a kan matar da ke tsakiya, kowa ma haka yake yi. Tana zaune a kan matakala, ƙirji a buɗe, ƙafafu duk gyambo, tana murmushi tana ɗibar tabar shaƙa, jaririnta kuwa ya suɓuce yana faɗawa ƙasa da ka. A ƙasanta wani ya rame ya zama ƙwarangwal, kofi a hannu. A saman ƙofar mashayar da ke ƙarƙashin matakalar an rubuta cewa da kwabo ɗaya za ka bugu, da kwabo biyu ka fita hayyacinka, shimfiɗar ciyawa kyauta ce. Kwabo da sule, kuɗin da kakata ke lissafi da su har ta rasu. Can baya wata na ɗura wa jariri jin a baki, ana saka gawar wata a akwati, wani wanzami ya rataye kansa a ɗakin sama don ba mai kuɗin aski, wani gini na ruftawa. Wani mutum da kare suna gwagwiyar ƙashi ɗaya, kusa da su wata ta yi barcin da har dodon koɗi na tafiya a jikinta.

Duk waɗannan na kalle su yadda na saba, daga waje. Na ce Allah Ya kiyaye, waɗannan sun yi nisa. Sai idona ya koma gefen hagu, ƙarƙashin ƙwallaye uku. Ga mai jingina a bakin ƙofarsa, gidansa lafiya lau, yana juya wani abu a hannu yana yatsina fuska. Zarto ne. A gabansa kafinta ne tsaye da ƙafafunsa, bai faɗi ba, bai yi amai ba, bai yi tsirara ba, ya kawo zartonsa da kwat ɗinsa yana roƙon a ƙara masa wani abu. Bayansa wata mata ta kwaso tukwanen girkinta tana jiran layi.

Takardar jinginar tana aljihun ƙirjina a lokacin. Na ji ta kamar garwashi. Kafinta ba zarto me zai yi gobe? Na tabbata shi ma ya ce wa kansa na mako biyu ne. Kuma tsakaninsa da matakalar nan, in ka auna a takardar, bai fi faɗin tafin hannu ba.

Da ma in ce daga nan na tuba, labarin ya ƙare da kyau. Ba haka aka yi ba. Kunyar da na ji ita ce ma ta ƙara tura ni. Bayan kwana tara na sha wanda ban taɓa sha ba, na rasa bas, na zauna a gefen titi kusa da Charing Cross, wurin da Hogarth ya zana wani hoton nasa na dare a 1738, inda ake juye wa wani babban mutum da ya bugu fo a ka daga taga. Ina zaune ina surutai da Hausa, ina kiran sunan Inna. Wata motar haya ta tsaya, direban ya sauke gilashi. Dattijo ne mai furfura da hula. Ya ce, "Kai, ɗan wa ne kai?"

Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, ya shekara fiye da ashirin yana tuƙi a Landan. Na ce, "Baba, ka ƙyale ni." Ya ce, "Ban ƙyale ka. Tashi ka shiga, kada ka ɓata mini kujera." Gidansa ya kai ni. Hajiyarsa ta shimfiɗa mini bargo a falo ba ta ce uffan ba, da hantsi ta ajiye mini shayi da wake da shinkafa irin nasu na Gana. Sai da na ci na yi wanka sannan ya zaunar da ni. Bai yi mini wa'azi ba, ya ce abin da zai faɗa na riga na haddace. Tambaya ɗaya ya yi: me ka sayar? Ya ce duk yaron da ya tsinta a wannan hali ya riga ya sayar da wani abu. Na fiddo takardar na miƙa masa.

A ranar muka je ya fanshi kwamfutar da kuɗinsa, amma bai ba ni ita ba. Ya ce a falonsa za ta zauna, in ina son rubutu in zo nan in yi, daga bayan Azahar zuwa Isha'i, kuma bashi ne, zan biya. Ya raka ni wurin likita, wanda ya auna yawan abin da nake sha ya tsara mini yadda zan rage kafin in yanke, ya haɗa ni da masu ba da shawara. Na bar aikin mashayar na koma sharar ofisoshi da sassafe. Ranar Juma'a Baba Alhaji, wato direban nan, ya kan biyo ya ɗauke ni zuwa masallacin 'yan Najeriya da ke titin Old Kent. Sau biyu na koma ruwa, ɗaya a Yuli, ɗaya bayan Sallah. Duka biyun na gaya masa da bakina, ya ce, "To, an ji. Gobe ƙarfe biyu ina jiranka." Na nemi ƙarin lokaci a makaranta, na miƙa kundin a makare, na ci da kyar.

Kafin in taso na yi yawon da ban taɓa yi ba ina cikin maye. Na je St Giles, yanzu duk dogayen gine-gine ne kusa da tashar Tottenham Court Road, ba alamar lungun. Amma hasumiyar cocin St George ta Bloomsbury, wadda ake hangowa a can ƙarshen hoton da gunkin Sarki George na Ɗaya a ƙololuwarta, tana nan inda take. Na kuma shiga gidan tarihi na Sir John Soane, kyauta ake shiga, inda aka ajiye zane takwas na Hogarth a kan wani saurayi da ya gaji dukiyar ubansa ya ƙarar da ita a mashaya da caca, ya bi ta kurkukun bashi ya ƙare a gidan mahaukata na Bedlam. Na tsaya a gaban na uku, inda yake baje a mashayar Rose wata na zare masa agogo, na tuna gonar Funtuwa, na fita ban ƙarasa sauran ba.

Na leƙa tsohuwar mashayar sau ɗaya da rana don in yi wa tsohon sallama. Kujerarsa wani ne a kai. Yarinyar da ke kanta ta ce tun kaka aka kwantar da shi asibiti, ba su sake jin labarinsa ba. Hoton bangon yana nan, an ma sake masa gilashi.

Na dawo gida a 2012. Kuɗin Baba Alhaji na gama biyansu kafin in hau jirgi, fam goma-goma, yana rubutawa a bayan wani kalanda. Baba ya tarye ni a Kano da kansa, ya riƙe takardar digirin da hannu biyu ya daɗe yana kallo duk da ba ya karanta boko. Gonar ban iya fanso ta ba, wanda ya saya ya riga ya yanka ta filaye. Titin Giya na bar shi a Peckham cikin kwandon shara. Lungun Jin kuwa yana cikin durowar ofishina a Kaduna, a ambulan ɗin da tsohon ya ba ni, tare da rasiɗin shagon jinginar mai hatimin an biya.